Lasifika da Kunnen Ɗan Adam: Ƙure Murya Ba Ya Isar da Saƙo

Duk wanda ya kwana a ɗaya daga cikin garuruwan ƙasar Kunci, ko Shuwaki ce ko Gwarmai ko 'Yandadi, ya san cewa lasifika ta zama 'yar gida. Da ita ladani ke kiran salla, da ita ake shelar jana'iza da cigiyar akuya, da ita mai maganin gargajiya ke talla ranar kasuwa, sannan ga ƙananan akwatunan sauti masu caji waɗanda samari ke kira MP, kusan kowane ɗakin amarya da teburin mai shayi akwai guda. Zuwan faifan sola da batir mai araha ya sa rashin wutar lantarki bai hana kowa mallakar kayan sauti ba. Wannan ci gaba ne, ba kuma wanda zai so a koma zamanin da sai mai shela ya bi lungu-lungu yana yage maƙogwaro.

Sai dai akwai wata aƙida da ta bi kayan nan ta shigo tare da su, wato ganin cewa lasifika mai kyau ita ce mai ƙara, kuma duk wata matsala ta rashin ji maganinta a murɗa maɓalli a ƙure. Wannan aƙida kuskure ce, kuma tana jawo hasara iri biyu. Ta farko hasarar kuɗi ce, domin yawancin lasifikokin da ke jibge a rumfunan masu gyaran rediyo ƙurewa ce ta ƙone su. Ta biyu ta fi muni, ita ce hasarar ji, wadda babu bakaniken da ke da kayan gyaranta.

Amfani da lasifika a ƙasar Kano ya girmi yawancin masu murɗa ta a yau. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka fito da irin lasifikar da ake amfani da ita har yanzu a shekarar 1925. A 1936 aka ɗora lasifika a Masallacin Sultan na Singafo, wanda ake lissafawa cikin masallatan farko da suka yi kiran salla da ita. A 1944 kuwa Turawan mulki suka buɗe rediyon waya a birnin Kano, inda ake jawo waya daga gidan watsa shiri zuwa akwatunan magana da aka kakkafa a wuraren taruwar jama'a da gidajen waɗanda suka biya. Shekara tamanin ke nan ana tare, amma har yau ilimin yadda abin ke aiki bai bi shi zuwa ƙauyuka ba.

Alhali kuwa abin ba shi da wuyar ganewa. A cikin kowace lasifika akwai maganaɗisu, da wani naɗin siririyar wayar tagulla wanda masu gyara ke kira koyil, da faifan takarda ko na roba da aka liƙa wa koyil ɗin. Idan amfilifaya ta turo wuta mai kai-da-komo cikin koyil, sai ya riƙa matsowa gaba yana komawa baya a cikin ɗan siririn ramin maganaɗisun, ya ja faifan tare da shi, faifan kuma ya tunkuɗa iska. Wannan tunkuɗar iska ita ce sauti. Idan faifan ya kaɗa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, sai a ji murya mai kauri irin ta tambari. Idan ya kaɗa sau 4,000, sai a ji siririyar ƙara irin ta gyare. Makirufo, wato abin magana, wannan aikin yake yi a juye: iska ta kaɗa faifai, faifai ya motsa koyil, koyil ya haifar da 'yar wuta.

Ɗalibin da ke son ya gani da idonsa sai ya nemo tsohuwar lasifikar rediyo wadda aka ciro daga akwatinta, ya haɗa ta, ya saurara. Zai ji muryar ta fito siririya babu kauri. Dalili shi ne lokacin da gaban faifan ke tura iska, bayansa zuƙo ta yake yi, sai iskar ta zagayo ta gefe, aikin gaba da na baya su kashe juna. To, ya ɗora lasifikar a bakin tulu ko randa yadda za ta rufe bakin ruf, ya sake saurara. Nan take muryar za ta yi kauri, domin tulun ya tsare iskar baya. Samarin ƙauye sun daɗe da sanin wannan dabara, ko da ba su san dalilinta ba, kuma shi ne amfanin akwatin katakon da ake saka lasifika a ciki. Saboda haka akwatin da ɓera ya huda, ko gara ta ci bayansa, ba zai ƙara yin daɗin ji ba komai ƙarfin amfilifayar da aka jona masa.

Abin da ke cikin kunne

Kunne ma na'ura ce, sai dai ta fi kowace makirufo laushi. Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata wadda faɗinta bai kai santimita ɗaya ba. Daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku su karɓi kaɗawar su miƙa ta ciki. Na ukunsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa wajen milimita 3 ne. Shi ke buga ƙofar wani bututu mai ruwa a ciki wanda ya naɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma da za a warware shi zai kai kimanin milimita 35.

A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta wajen 16,000 a jere, kowace da tsiron gashi a kanta. Idan ruwan ya kaɗa, gashin ya ranƙwafa, sai ƙwayar ta aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hangari, Georg von Békésy, ya nuna cewa kowane irin sauti yana da inda yake sauka a tsawon bututun: siririyar ƙara a bakin ƙofa, mai kauri can ƙurya. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Yaro mai lafiyar kunne yana jin kaɗawa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa.

Manomi ya san abin da guguwa ke yi wa gonar gero. Wani karan ya kwanta, bayan kwana biyu ya miƙe. Wani kuwa ya karye, ba kuma zai sake tashi ba. Haka ƙara mai tsanani ke yi wa gashin nan na cikin kunne. Wanda ya dawo daga gidan biki ya ji kunnensa ya toshe, ko yana masa kuka kamar na sauro, to gonarsa ce ta kwanta. Gobe ko jibi zai ji ya warware, ya ɗauka babu abin da ya faru. Amma a 2009 masu bincike biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai, wani kaso na mahaɗar jijiyoyin da ke karɓar saƙo daga ƙwayoyin nan ya riga ya lalace. Wato kowane dare na ƙara yana ɗibar rabonsa, sai bayan shekaru a ga giɓin.

Abin mamaki, kaza ta fi ɗan Adam sa'a a nan. A 1988 aka tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi idan ƙara ta kashe su. Ɗan Adam kuwa, da sauran dabbobi masu shayarwa, da adadin da aka haife su da shi za su ƙare rayuwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Ɓarnar kuma ba da kurumta gaba ɗaya take farawa ba, shi ya sa ake raina ta. Tana soma cin ɓangaren da ke jin kaɗawa wajen sau 4,000 a daƙiƙa, inda siraran baƙaƙe suke, irin su s da sh da ts da f. Wasula da karin sautin Hausa suna can ƙasa, ba a taɓa su ba. Sai mutum ya ji ana magana sarai, amma ya kasa bambanta sara da shara da tsara. A aji mai ɗalibai tamanin, irin wannan yaro shi ne wanda malami ke cewa ba ya mai da hankali. A makarantar allo kuwa shi ne wanda ake ta maimaita wa bambancin sinun da sadun, ana zaton taurin kai ne. Yankin da ya sha fama da sanƙarau, kamar annobar 1996, ga ƙyanda ga ciwon kunne mai ruwa, yana da isassun abubuwan da ke kurumtar da yara, bai kamata a ƙara musu wani da gangan ba.

Lissafin da mai sayarwa ba ya faɗa

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai wa wajen desibel 60. Ma'aunin ba irin na mudu ba ne, domin duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Masana lafiyar ma'aikata sun daidaita a kan cewa kunne zai iya ɗaukar desibel 85 na awa 8 a yini. A 88 lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi suna da wani mataki na raunin ji, kuma matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraren sauti. A 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa kada ƙara a wuraren shagali ta wuce desibel 100.

Yanzu a ɗauki misalin lasifikar ƙarfe mai bakin mazurari, irin wadda ake ɗaurewa a kan masallaci ko motar talla, ko ta kamfanin Ahuja na Indiya ce ko ta TOA na Japan. Irin waɗannan suna ba da wajen desibel 105 a nisan mita ɗaya idan an ba su wat ɗaya tak. Idan aka ba su wat 30, sai su kai 120. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6. Ke nan a mita 2 akwai 114, a mita 4 akwai 108, a mita 8 akwai 102, a mita 16 akwai 96, sai an kai mita 64 kafin ta sauko 84. Kiran salla na minti uku ba zai cutar da maƙwabcin da ke nesa da mita 30 ba. Amma taron da aka fara bayan isha aka kai ƙarfe ɗaya na dare, yara suna zaune mita 8 daga bakin lasifika, wannan ya ninka abin da kunne ke iya ɗauka sau da yawa. A gidan biki abin ya fi haka, domin akwatunan a ƙasa ake jibge su, daidai tsayin kan yaro, kuma yara su ne ke rububin zuwa gabansu. Ga jariri a bayan uwarsa, wanda ƙanƙantar ramin kunnensa ke sa sautin ya fi matsa masa fiye da babba, ba shi kuma da bakin cewa a matsa.

Wannan lissafi yana tona wani asirin kuma. Mutumin da ya sayar da tunkiya ya sauya amfilifaya mai wat 60 da mai wat 120 ya ƙara desibel 3 ne kawai, abin da kunne da kyar yake lura da shi. Kafin a ji sauti ya ninka a kunne sai an ninka wat sau goma. Su kuwa manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su wat 5,000 da haruffan PMPO a gefe, ado ne na 'yan kasuwa. Ɗalibin aji huɗu zai iya ƙaryata su da alli: wat 5,000 daga batir mai bolt 12 yana bukatar wuta fiye da amfiya 400, abin da zai narkar da siririyar wayar da aka haɗo kayan da ita. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, kuma sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na waccan ba. Wanda zai shiga Kasuwar Sabon Gari sayen kayan sauti, wannan kaɗai ya riƙe ya isa ya hana a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Inda matsalar take a zahiri

Idan jama'a suka ce ba sa jin liman ko shugaban makaranta, da wuya a ce ƙarancin ƙara ne. Mafi yawan lokuta muryar ce ta dagule, kuma ƙurewa ƙara dagula ta take yi.

A fara da batir, tunda a ƙasar Kunci shi ne uwa da uba. Batir mai cikakken caji yana ba da bolt 12.6. Idan ya sauka zuwa 11, ƙarfin da amfilifaya ke iya fitarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mai kula da kaya ya ji murya ta yi ƙasa, sai ya murɗa maɓalli. Amfilifaya kuwa ba ta da abin da za ta ƙara, sai ta riƙa yanke kan sautin, muryar ta fito tana gargada kamar ana yaga tsumma. Wannan yankakken sauti zafi yake zubawa cikin koyil ba hutu, har man da ya rufe wayar ya ƙone. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya da aka ƙure take kashe lasifikar da ta fi ta ƙarfi, mai kaya kuma ya tafi yana zagin kamfani. Duk lokacin da murya ta soma gargada, a rage, sannan a duba batir.

Sai maganar haɗa lasifika da yawa a kan amfilifaya ɗaya, wadda a nan ne aka fi yin ɓarna. Kowace lasifika tana da adadin turjiyar da take yi wa wuta, ana auna shi da om, an kuma rubuta shi a bayanta: 4 ko 8 ko 16. Idan aka haɗa biyu masu om 8 kai da kai, wato ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar ta koma 4. Huɗu masu om 16 su ma 4 suke komawa. Yawancin amfilifayoyi a nan iyakarsu take. To, sai wani bawan Allah ya kawo gudummawar ƙarin lasifika huɗu, a ɗaura su a kan na da, turjiya ta faɗo 2, amfilifaya ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi kamar dutsen guga, ranar Juma'a ta mutu ana tsakiyar huɗuba. Gudummawar alheri ce, rashin lissafi ya mai da ita hasara. Inda ake bukatar lasifika da yawa, ko waya mai nisa kamar daga ofishin shugaban makaranta zuwa ɗakunan kwana, akwai hanyar da aka tanada: a bayan irin waɗannan amfilifayoyi akwai wurin jonawa da aka rubuta 100V, kuma ana sayar da lasifikoki masu 'yar taransifoma a jiki domin shi. Sai dai kada a kuskura a jona lasifika marar taransifoma a wurin, nan take za ta ƙone.

Akwai kuma kuskuren juya waya. Idan aka jona lasifika ɗaya daidai, aka juya ja da baƙi a ta biyun, to yayin da ɗaya ke tura iska ɗayar ja take yi. Sauti mai kauri sai ya ɓace, muryar ta zama fanko. Gwajin ba ya bukatar komai sai batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi. A taɓa wayoyin lasifika a kansa na ɗan lokaci, a dubi faifan: idan ya yunƙuro waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja. Idan ko ƙwas ba a ji ba, ko dai waya ta tsinke a hanya ko koyil ya ƙone.

Kukan nan mai tsinka kunne da lasifika ke yi ana tsakiyar jawabi, wanda ke sa jama'a toshe kunnuwa, shi ma ba lalacewa ba ce. Makirufo ne ya ji abin da lasifika ta faɗa, ya mayar wa amfilifaya, ta ƙara masa ƙarfi ta sake fitarwa, abu ya yi ta zagayawa. Maganinsa a sa lasifika a gaban mai magana tana kallon jama'a, shi kuma ya kusanto da makirufo bakinsa, kamar faɗin yatsa huɗu, a rage maɓalli. Dunƙule kan makirufo da tafin hannu, wanda masu waƙar biki ke yi don burgewa, ƙara jawo kukan yake yi. Gurnani mai kauri da ba ya yankewa kuwa, wannan muryar wutar lantarki ce, wadda a Nijeriya take kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa. Yana shigowa ne idan wayar makirufo ta bi gefen wayar wuta, ko rigar ƙarfen da ke cikinta ta tsinke, ko an jona caja marar kyau. A cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire gurnanin ya tsaya ita ce mai laifi. Wannan ita ce ƙa'idar neman kowace matsala: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan akwatin hagu ya yi shiru, a musanya shi da na dama. In shirun ya bi akwatin, laifinsa ne, in ya tsaya a hagu, a nemi waya ko amfilifaya. Amma makirufon da ke jan leɓen mai magana ba abin wasa ba ne, alama ce wuta na zuba a jikin kayan, a kashe a kira mai gyara. Kada kuma ɗalibi ya buɗe cikin amfilifaya, domin akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket.

Halittu ma suna da nasu rabon a wannan ɓarna. Bakin lasifikar ƙarfe wuri ne mai inuwa da rufi, daidai abin da zanzaro ke nema don ya gina ɗakinsa na laka ya zuba tsutsotsin da 'ya'yansa za su ci. Gini biyu ko uku a maƙogwaron lasifika sun isa su shaƙe muryarta, kuma an sha ɗora wa amfilifaya laifin da na zanzaro ne. Ƙurar hunturu tana shiga ramin koyil ta sa shi karce, tana shiga maɓallin murya ta sa shi ƙarar-ƙarar in an murɗa. Ruwan damina yana taruwa a lasifikar da bakinta ke kallon sama. Ɗan ragar sauro a baki, da sunkuyar da ita kaɗan, da sauko da ita a share sau biyu a shekara, sun fi sayen sabuwa. Kuma tunda irin wannan lasifika ba a yi ta don sauti mai kauri ba, maɓallin kauri a rage shi sosai, murya za ta fi fita tar, faifan cikin kuma ya daɗe.

A cikin ɗaki kuwa, ginin ne ke da rabin magana. Tsohon soro na ƙasa, da tabarmi da labule da jeren kayan ɗaki, yana shanye sauti, murya ta fito a natse. Sabon gini na siminti mai tayil da rufin kwano ba silin mayar da sauti yake yi ta kowace fuska, kalma ta hau kan kalma. A irin wannan wuri ƙara murya ƙara amsa-kuwwa ce. Darduma da labule mai kauri da silin sun fi sabuwar amfilifaya amfani. Akwatuna biyu na gida a ɗaga su daga ƙasa zuwa tsayin kunnen wanda ke zaune, a janye su daga kusurwa inda kauri ke taruwa ya zama gurnani, a bar tazara tsakaninsu daidai da tazarar da ke tsakanin kowannensu da mai sauraro. A babban zaure ko masallaci, ƙananan akwatuna shida da aka rarraba a bango, kowanne yana magana a hankali, sun fi manya biyu da ke kurma sahun gaba don na baya ya ji.

Haƙƙin maƙwabci

Ƙasar Kunci tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 110,000, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka lasifikoki biyu da ke nesa da juna suna isa kunne a lokuta dabam-dabam, kuma idan uku ko huɗu suka ƙure a lokaci guda, babu wadda ake fahimta. Da asuba abin ya fi nisa, musamman da hunturu, domin iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama. Muryar da ta dace da azahar ta yi yawa da asuba.

Wasu za su ce rage lasifika rage darajar abin da ake faɗa ne. Wannan magana tana da nauyi a zukatan mutane, bai kuma kamata a yi mata dariya ba. Amma a watan Mayu na 2021 Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, saboda marasa lafiya da tsofaffi da ƙananan yara. A 2022 Indunusiya, wadda take cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, ta sa iyakar desibel 100. Nijeriya ma tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai babu jami'in da zai zo Matan Fada da ma'auni a hannu ranar biki. Dagaci da liman da uban ango su ne hukumar da ke kusa.

Su kuma ba za su san lissafin ba sai an kai musu, kuma a nan ne makarantun sakandare suka yi sakaci. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 bai dace a ce ɗalibinta ya haddace dokar Ohm don jarrabawa, amma ya kasa gaya wa kwamitin masallacin unguwarsu cewa lasifika takwas sun yi wa amfilifayarsu yawa ba. Ƙungiyar JETS ta kowace makaranta za ta iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango guda. Akwai manhajojin auna ƙara da ake saukewa a wayar hannu kyauta. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa su nuna bambancin 80 da 100. Ɗalibai su auna filin taron safe, da injin niƙa, da gaban akwatin mai kiɗa, su rubuta nisa da lokaci, su kai wa masu abin sakamakon cikin ladabi. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, ta dace da gabatar da irin wannan aiki.

Inda babu waya, akwai ma'aunin da kowa ke yawo da shi. Idan mutum biyu suna tsaye nisan hannu ɗaya amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar wurin ta kai haddin cutarwa, ko a rage ko a matsa. Mai sauraro da abin saƙalawa a kunne kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na maɓalli, kuma kada ya yi barci da shi. Yaron da kunnensa ya yi kuka fiye da kwana biyu bayan taro, ko wanda ke yawan cewa "na'am?" a aji, malami ya dawo da shi bencin gaba, ya kuma shawarci iyayensa su kai shi a auna jinsa. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999.